Inda Baban Tarun Yake Kai Tabarmarsa

A wurin mai karas na ji labarin, ina sunkuye ina zaɓar jajayen nan da ba a samu sai lokacin sanyi. Sunanda Tai ce ta dafa kafaɗata. Ita ke koyar da yoga kowace safiya a lambun unguwarmu a Indore. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har yau bayanta a miƙe yake. Muka gaisa. Na gaya mata ɗana Tarun ya iso daga Bengaluru da matarsa da 'yarsu, za su yi hutun ƙarshen shekara a gida, shi ya sa nake jidar karas. Sai ta rage murya ta tambaye ni jikin maigidan. Ta ce ta daɗe tana son ta leƙo mu, tana dai gudun kada ta takura wa mara lafiya.

Na yi dariya na ce ai ni ce zan tambaye ta, tunda kullum da asuba yana gabanta a kan tabarma.

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce rabonta da ganin Porwal-ji, wato maigidana, tun satin bikin Diwali. Da ta ji shiru ta tambayi abokinsa Bagga, shi kuma ya ce mata likita ne ya hana shi fita cikin sanyi. Tana faɗa tana kallon fuskata, kafin ta kai ƙarshe ta gane abin da ta yi, ta soma kame-kame, wai ƙila wani ajin ya koma. Na ce ƙila. Na ɗauki jakata na juya. Sai da na kai ƙofar gida na lura na baro koren waken da na saya a kan teburin mutumin.

Da damina ne Baban Tarun ya faɗi a shagonsa na tukwane da kwanuka, tsakanin tulin farantai, hannunsa dafe da ƙirji. Maƙwabtan shago suka kai shi asibiti, aka zura masa ɗan bututu a jijiyar zuciya. Ni na zauna a bencin baranda har aka fito da shi, ni na riƙe masa tasa yana amai, ni kuma likita ya tsare da ido ya karanta wa dokoki kamar ni na toshe jijiyar. Ba soye-soye, ba man shanu, gishiri kaɗan, zaƙi sai dai ya gani a hannun wasu, kuma da zarar ya warware ya soma tafiya da yoga mai sauƙi. Tarun ya zo ya yi 'yan kwanaki ya koma bakin aikinsa. Na dawo gida na ɗauki gwangwanin man shanu na bai wa matar da ke mana wanki, na kife kaskon suya na tura shi can saman kanta. Ban ce zan ɗora tukunya biyu ba. Abin da ya ci shi na ci: fate-faten alkama, dafaffiyar kabewa, gurasa busasshiya da ba a shafa mata komai ba. Ni da aka sani a dangi da son yaji da tsami, na bar su, don kada ya ga ina lasa ransa ya biya. Na ƙara da azumin Litinin saboda shi.

Da sanyi ya shigo, har ruwan famfo yana cizon hannu, ni ke tashi da asuba in ɗumama masa ruwa, in miƙa masa hular ulu da mayafin wuya, in naɗe shuɗiyar tabarmar roba in rataya masa a kafaɗa. Da hantsi ya dawo fuska tana sheƙi, ya ɗan tsakuri fate-faten ya ture, ya ce yoga tana rage wa mutum kwaɗayi. Na yarda. Har alfahari na yi wa matan layinmu, na ce su ma su tura nasu mazan.

Ranar ban ce masa komai ba. Na goga karas ɗin har na haɗa da fatar yatsana, na dafa alewar karas da madara saboda jikata Ira da ke ta tsalle a kicin. Da aka zauna cin abinci, surukata Nidhi ta ɗebo cokali guda ta miƙa masa, wai Papa-ji, kamar yadda take kiransa, ya ɗanɗana, shekara ta zo ƙarshe. Ya ɗaga tafin hannu kamar wani mai gudun duniya, ya ce a'a 'yata, shi ya wuce wannan wurin, wanda ya san daɗin iskar safe alewa ba ta gabansa. Har ya gwada wa Ira yadda ake toshe hanci ɗaya a shaƙa da ɗayan. Kowa ya yaba. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu, ina jin in na motsa ludayin zai riga bakina isa gare shi.

Tarun ya ce gobe zai raka Papa, shi ma bayansa ya ƙage da zaman ofis. Na ga sun haɗa ido, ɗan gajeren kallo. Na ce madalla.

Da asuba na yi duk abin da na saba, har na lalubo wa Tarun wata tsohuwar tabarma a bayan sif. Suna fita na ja rigar sanyi a kan sarin da nake ɗaure da shi, na lulluɓa, na bi bayansu. Ba su da wuyar bi, hular ja ce, ni na saƙa ta. Suka miƙe layinmu, suka wuce mai madara, suka iso ƙofar lambun. Daga ciki ana jiyo muryar Sunanda Tai tana cewa a shaƙa, a riƙe, a saki. Ko juya kai ba su yi ba. Suka sha kwana ta bayan tashar motoci, inda hayaƙi ke tashi daga rumfar Munna mai suya.

Na raɓe a bayan wata motar kaya. Bagga ya riga su zuwa, yana zaune da rawaninsa da ƙaton tumbinsa, tare da wasu tsofaffi biyu da na san fuskarsu. Baban Tarun ya sauke tabarmar daga kafaɗa, ya ninke ta, ya shimfiɗa a kan bencin ƙarfe don kada sanyin ƙarfen ya taɓa shi, ya zauna a kai ya gyara zama. A duk abin da na gani ranar, wannan ne ya fi ƙona ni. Ashe kujera nake naɗe masa kowace asuba da hannuna, cikin wannan sanyin.

Munna bai tambaye shi abin da zai ci ba. Ya sani. Ya tula masa poha, wato dandaƙaƙƙiyar shinkafa da aka soya da albasa, ya tsamo jalebi, alewar fulawa mai ruwan sukari, daga cikin mai tana ɗiga, ya ƙara da soyayyar doya da aka barbaɗe da yaji aka matsa mata lemon tsami. Tarun ya karɓi nasa yana dariya, kuma ba dariyar wanda ya ga sabon abu ba ce.

Na fito. Bagga ne ya fara ganina, jalebinsa ta tsaya a rabin hanya. Baban Tarun ya juyo bakinsa a cike. Tarun ya miƙe tsaye zumbur kamar ɗan makaranta.

Ban kalli ko ɗayansu ba. Na ce wa Munna ya zuba mini irin na maigidan, ya ƙara doya. Na ce wa Tarun ya matsa. Na zauna na ci. Wata da watanni rabona da mai, harshena yana zogi, amma sai da na share takardar da aka zuba mini abincin tas. Ba wanda ya ko yi tari. Tsofaffin nan biyu suka tuna suna da uzuri suka sulale.

Bagga ne ya kasa jure shirun. Ya ce, "Bhabhi, matar ɗan'uwana, wannan ma ai yoga ce. Hannu ya sauka, hannu ya hau, a shaƙi ƙamshi, a saki numfashi."

Na ce, "Bhai-sahab, yayana, kai ka ce wa Sunanda Tai likita ya hana shi fita?"

Ya shafa gemu ya ce rufin asiri ne kawai tsakanin abokai, ba da wata manufa ba.

"Ranar da ya faɗi a shago kai ka kama ƙafafunsa aka sa shi a mota. Ka ga yadda fuskarsa ta koma. Ni sai a asibiti na gani, kai ka riga ni. In ya sake faɗuwa a nan, a kan bencin nan, wane labari za ka kawo mini? Ko shi ma ka riga ka shirya shi?"

Ya kawar da kai. Baban Tarun ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar, ya ce, "Kusum, mu je gida mu yi magana. Mutane na kallo."

"Su kalla. Tun Diwali suke kallonka kana ci. Ni kaɗai ce a garin nan ban gani ba."

Na tambayi Tarun tun yaushe ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce Papa ya gaya masa a waya tun kafin su taso, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa. Na ce wa Baban Tarun ya tashi. Ya ɗauka gida za mu tafi, ya miƙe da sauri. Na zare tabarmar daga kan bencin. Da ɗuminta, ga tabon mai a gefe, tsoho da sabo. Na naɗe ta na wuce na bar su a tsaye.

Ban so komawa gida ba, akwai Nidhi da yarinya, ba na son su ga fuskata. Ƙafata ce ta kai ni lambun. An yi nisa da aji, mutane sun kai talatin a kan ciyawa mai raɓa, kowa da rigar sanyi da safa. Sunanda Tai ta kalli tabarmar ta gane ta, ta kalle ni, ta nuna mini wuri a baya ba tare da ta katse maganarta ba. Suka ɗaga hannu sama na ɗaga, suka sunkuya na sunkuya, doya da jalebi suka taso mini har maƙogwaro. Ta zagayo ta ce mini a kunne ba a yi da cikakken ciki, in zauna in yi numfashi kawai, in bar abin da ke raina ya fita tare da iskar. Na shaƙa na saki, na shaƙa na saki. Fushin yana nan daram, sai ma ya samu fili ya miƙe ƙafa. Daga ƙarshe ta ce kowa ya kwanta rigingine, ya rufe ido, ya saki jiki kamar gawa. Kowa ya yi tsit. Ni na kwanta idona a buɗe, ina kallon rassan darbejiya, ina jera maganganun da zan faɗa wa Tarun.

A kicin Tarun ya same ni. Ya fara da haƙuri, amma bai yi nisa ba ya koma lauyan ubansa. Wai na mai da gidan asibiti, mutum ya yi tari in tashi tsaye, ya daɗe a banɗaki in buga ƙofa. Wai Papa tsorona yake ji, shi ya sa ya ɓoye. Wai ɗan abin da ya rage wa mutum na jin daɗi bai kamata a ƙwace masa duka ba, kuma shi ma ai ya ce masa ya rage.

Na ajiye wuƙar da ke hannuna don kada in nuna shi da ita. Na ce, "Kai da ka zo ka leƙa shi a gadon asibiti ka hau jirgi ka koma, kai ne za ka gaya mini yadda gidan nan ya koma? Kowace Lahadi kana bugo waya, Mama ki kula da Papa, Mama ki kula da Papa. Ka san inda yake zuwa, kana ce mini in kula da shi. Me zan kula da shi, hular?"

Ya ce ba a iya magana da ni in na hau. Na ce to ya sauka ƙasa ya sami wanda ake iya magana da shi. Nidhi ta ja hannun Ira suka fita sayen balan-balan da ba wanda ya aike su.

Na taka kujera na sauko da kaskon suya. Na je kanti da kaina na sayo man shanu. Da rana na soya 'yan gurasar nan da ake kira puri har suka kumbura suka yi ja, na yi dankali da mai yana yawo a kai, na fito da yajin mangwaron da na ɓoye tun damina. Na jera a gaban Baban Tarun.

"Ci. In dai mai ne zai kashe ka, gara nawa. Ya fi na Munna tsabta, kuma in za ka faɗi a gabana za ka faɗi."

Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya tashi ya wanke hannun da bai ci komai da shi ba, ya shiga ɗaki. Ira ce kawai ta ci da daɗi, tana tambaya me ya sa Dadi, wato ni kakarta, ba ta yin wannan kullum.

Daga ranar na daina tashinsa. Na daina ɗumama ruwa, na daina miƙa hula. Na kwaso magungunansa na zube a kan tebur na ce ya iya karatu. Sabuwar shekara ta shigo ta same mu ba ma magana sai ta bakin yarinya. Maƙwabta suna aiko da kantu da alewa, ana ta shiga ana fita ana yi wa juna barka, ni ina murmushi a ƙofa ina komawa ciki da fuskata ta gaske. Da asuba kuwa ni ke rataya shuɗiyar tabarmar, bayan na wanke ta da sabulu har sau biyu. Cinyoyina suka yi tsami, hawan bene ya koma mini aiki, yatsun ƙafata suna can nesa kamar na wata. Amma ina komawa. A can ne kawai ba wanda yake jiran in zuba masa wani abu. A can kuma na lura tun damina ban taka ko'ina ba sai kasuwa da kantin magani da wurin ibada.

Ana gobe su Tarun za su koma, ina saman bene ina shan hantsi ina ɓare wake, sai na ji takun Baban Tarun a matakala, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ya kife bokiti ya zauna a kai. Ban ɗaga kai ba.

Ya ce, "Kwanciyar ƙarshen nan ce."

Na ci gaba da ɓare wakena.

"Da Sunanda Tai ta ce a kwanta a rufe ido a saki jiki, sai kowa ya yi shiru, sai in soma jin ta. Zuciyar. Ta buga, ta buga, sai in ji kamar ta tsallake ɗaya, in tsaya ina jiran ta gaba. Sai in ga kaina a kan gadon nan mai taya, ana tura ni, fitilu suna wucewa a sama."

Ya ce da farko ya daure, yana kwance yana gumi cikin sanyin nan, mutane a gefensa har da masu minshari. Wata rana ya kasa, ya tashi a tsakiyar shirun ya naɗe tabarma ya fita. A hanya ya ci karo da Bagga yana shan shayi a rumfar Munna. Da fari shayi kawai yake sha, ba sukari ma. Ya ce a rumfar nan ba wanda yake tambayarsa ya ƙirjin. Gardamar siyasa ake yi da ta wasan kurket, a zage shi ya rama, kamar yadda ake yi kafin ya faɗi.

Hannuna ya tsaya a cikin kwanon. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Amma fushin bai matsa ko taku ɗaya ba.

"Tsoron kwanciya na ji, na kuma yarda. To jalebin fa? Ita ma tsoro ne?"

Dariya ta taso masa, ya kalli fuskata ya haɗiye ta.

"Da ka gaya mini."

"Da kin kira likita, da an sake kwantar da ni."

Gaskiya ya faɗa, da na kira. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce, "Kana tsammanin kai kaɗai kake sauraron zuciyar nan? Tun damina ba na iya runtsawa sai na kasa kunne na ji kana numfashi. Ni wace rumfa na gudu? Na bar gishiri, na bar yaji, ina azumi a kanka, kai kana can kana lasar yatsa, ka dawo ka kalli idona ka ce yoga ta rage maka kwaɗayi. Ka bar ni ina yi wa matan layi wa'azi, su kuwa mazansu suna wucewa ta gaban Munna kullum."

Ya ce, "Na yi laifi, Kusum."

Na ce na ji. Na ɗora masa kwanon waken a cinya na sauka.

Da za su tafi, Tarun ya sunkuya ya taɓa ƙafata yana neman albarka. Na dafa kansa, don ba a hana ɗa wannan, amma ban haɗa masa ƙullin komai ba, shi da ya saba tafiya da jaka guda ta abin da na yi da hannuna. Na ce in ya bugo waya yana son jin lafiyar ubansa, ya tambayi ubansa. Nidhi ta rungume ni ta raɗa mini cewa ita ba ta sani ba. Na yarda da ita.

Bayan 'yan kwanaki ina tsaye da ƙafa ɗaya ina tangaɗi, na hango jar hula a layin baya kusa da famfo, a kan tsohuwar tabarmar da Tarun ya bari. Ban roƙa masa komai ba. Shi da kansa ya sami Sunanda Tai bayan an tashi, kansa a ƙasa, ya yi mata bayani. Ta ce in an zo kwanciyar ya jingina da bishiya ya zauna idonsa a buɗe, ba dole ba ne. Haka yake yi. Ba kullum yake zuwa ba, ranar da bai zo ba kuma ba na tambaya. Ran Lahadi yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce za shi wurin Munna. Ba na amsawa, ba na kuma dafa karin kumallo da shi. Bagga ya aiko matarsa da kwalin gyaɗa mai mazarƙwaila. Na karɓi matar hannu biyu don ba ta yi mini komai ba, na kuma gaya mata abin da mijinta mai ciwon suga yake ci kowace safiya. Ashe ita ma ba ta sani ba.

Kafin bikin Sankranti, da ake yi jim kaɗan bayan sabuwar shekara, ranar ganin likita ta zo. Aka auna shi, aka duba jininsa. Nauyi ya ƙaru, kitsen jini ya hau. Likitan ya cire tabarau ya juyo gare ni kamar yadda ya saba, ya ce me ake ba shi a gida. Baban Tarun ma ni ya kalla, don kullum ni ke amsawa. Na ce ya tambaye shi, yana da baki, kuma bakin yana aiki sosai. Ya faɗa da kansa, tun daga poha har doya, muryarsa tana raguwa. Likita ya yi masa ɗan faɗa, bai fi na yaron da ya zubar da shayi ba. Sannan ya sake juyowa gare ni, ya ce irin wannan sai uwargida ta sa ido, maza ba sa kula da kansu.

Na ce, "Likita, mutumin nan ya riƙe shago tun kafin a haife ka, ya aurar da ɗa, yana da jika. Na cire mai daga gidana, na cire gishiri daga bakina. In ka san kantin da ake sayar da igiyar ɗaure shi, rubuta mini tare da maganin. In ba ka sani ba, ga shi nan a gabanka, da shi za ka yi magana."

Ya mayar da tabaransa ya soma rubutu. Sauran bayanin duk Baban Tarun ya yi wa.

A cikin keken haya, muna hanyar gida, na gaya masa zan tafi Ujjain wurin ƙanwata Manju in yi Sankranti a can. Ta gaji da kirana. Ya tambaya kwana nawa, na ce ban yanke ba. Ya tambaya wa zai dafa abinci, na ce fate-fate ba ya da wuya, kuma Munna yana buɗewa da wuri. Ya ƙara rungume ledar magani.

Na tafi. Ni da Manju muka soya riɗi muka narka mazarƙwaila muka dunƙula kantu, na ci har haƙorana suka yi zafi. Da safe ina hawa saman benenta in yi 'yan sunkuye-sunkuyen da na koya, jikokinta suna tashin jiragen takarda suna yi mini dariya. Washegarin zuwana da rana ya bugo waya. Ya ce ya je aji, sanyi ya fi na jiya, kuma kabewar ta kama a tukunya. Na ce ya jiƙa ta da ruwan zafi ya bar ta. Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Daga kicin Manju tana kira wai in zo riɗin zai ƙone. Na ce masa ana kirana, na ajiye wayar.